Kawu Sale da jiragen Korniche

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, telan unguwar Sharafiyya a Jidda. A Katsina aka binne shi, garin da ya baro yana saurayi da niyyar umara ta mako biyu. Umarar ta ɗan yi tsawo, domin sai da ya yi furfura a Jidda, ba iƙamar zama, ba kafilin da zai tsaya masa. Burinsa guda ne, a binne shi a nan inda aka binne matarsa.

Duk ranar bikin ƙasa na Saudiyya jiragen yaƙi sukan yi wasa a bakin teku, wurin da ake kira Korniche, su yi ta wulƙitawa suna zana hayaƙi kore da fari. Irin su Kawu ba sa zuwa wurin taro. Daga rufin gidansu a unguwar Bani Malik yake kallo, tsakanin tankunan ruwa, inda ba a ganin komai sai juyowar jiragen. Yakan ce sauran mutane suna karanta littafin, mu kuma bangon baya aka bar mana.

Wata shekara ya kafe sai ya je. Na yi masa bayanin haɗarin irin na malamin makaranta, da dalili na ɗaya da na biyu. Ya saurara cikin ladabi, ya sa farar jallabiyarsa, ya ce, "Yalla, mu tafi, malam, an tashi daga aji."

Mun sami wuri a Korniche bayan la'asar. Jiragen suka taso daga kan teku, ƙararsu har cikin haƙarƙari. Duk wanda ke wurin ya ɗaga kai sama, har jarirai. Kawu kaɗai ne idonsa yake kan motar jami'an tsaro da ke gefen titi. Shekaru ya yi yana tafiya a haka, ido a ƙasa da gefe, kuma wannan ɗabi'a ce ta tsare shi a lungunan Sharafiyya. A taron da kowa ke kallon sama, ita ce ta nuna shi.

Na ce, "Kawu, sama ake kallo." Ya ce, "Ɗana, wuyan ya ƙi."

Jami'in da ya zo yaro ne mai ladabi, har da "ya hajj" ya kira shi. Kawu bai yi gardama ba. Da Hausa ya ce mini, "Kada ka biyo ni. Tsaya ka ga ƙarshen, ka ba ni labari." Bayan 'yan makonni aka sa shi a jirgi. Bai cika shekara biyu a Katsina ba, cikin 'ya'yan 'yan'uwa da suka san shi a waya kawai.

Da yana nan yau, da ya ga mutane sun zo har bakin teku suna kallon jiragen ta cikin wayoyinsu. Na san zai tambaya ko su ma tankin ruwa ne ya tare musu.

Abin da ya bari bai da yawa: keken ɗinki, da 'yarsa Hindatu, haifaffiyar Jidda, wadda ita ma ba ta da takarda. Ba ta je jana'izarsa ba, domin in ta fita ba ta dawowa. A ɗakinta ta karɓi gaisuwa. Bana na ce ta zo in kai ta kallo a motata, ba sai ta sauko ba. Ba ta ɗago daga ɗinkin ba.

"Halas, ya isa, Yaya," ta ce. "Gidanmu mun riga mun ba da mutum ɗaya."

Allah ya jiƙan Kawu, ya haɗa shi da matarsa a inda ba a tambayar kowa takarda.