Idon da Ya Yi Jiran Hamidu

Salamu alaikum, abokan gulmata. Wata takwas kun ji ni shiru a nan. Ban mutu ba, masu jiran gadon tukwanena su ƙara haƙuri.

Da rawar ido abin ya faro, na hagu. Duk wadda na gamu da ita a kasuwar Lahadi ta Filinge sai ta ce, "Kaka, baƙo za ki gani." Ni kuwa baƙo guda nake jira: autana Hamidu, da ya tahi Libiya ci-rani. Shekara huɗu ke nan ba mu ji muryarsa ba.

Sai na riƙe rawar nan kamar wasiƙa. Na share ɗakinsa. Na ware masa zakara.

Ido ya ja kumatu, kumatu ya ja baki. Ina gaida liman, ina ƙifta masa ido ba da sona ba. Mutane na dariya, wai Kaka ta ƙi girma. Ina taya su, in shiga ɗaka in yi kuka.

Ɗiyata Rabi ta ce mu tahi likita. Na ce, "Ke, so kike a kore mini baƙo?" Ta ce, "Inna, shekara biyu ido na rawa! Ko a ƙasa yake tahowa, ai da ya iso." Kwana uku ban yi mata magana ba.

Sai ranar da idon ya rufe ina sauke kunu, na juye shi bisa ƙafata, sannan na yarda.

A asibitin Yamai suka tura ni cikin wata na'urar ɗaukar hoton kai mai ƙara kamar injin niƙa. Saniyar Rabi a nan ta ƙare, wurin biyan kuɗi. Lokotoro, wato likitan, ya aza yatsa bayan kunnena, ya ce can cikin ƙeya akwai kwarmi inda ƙaramar ƙwaƙwalwa ke zaune, nan jijiyar fuska da ta ji ke fitowa gefe da gefe. Wata jijiyar jini ta kwanta bisa ta fuskar, duk bugun zuciya sai ta taɓa ta.

Na ce, "Ɗana, ashe ba kowa ke tafe ba?"

Ya ce, "Inna, zuciyarki ce ke ƙwanƙwasawa."

Ya gaya mini sai an yi mini aiki, amma jin kunnen na iya tafiya wurin aikin. Suka huda bayansa, suka raba jijiyoyin. Sati biyu ina amai, ɗaki na juyawa da ni. Kunnen hagu ya tahi ɗin.

Fuska ta kwanta lafiya lau. Kowa na barka. Ni kaɗai na san abin da aka cire mini.

Na gode Allah. Na gode wa lokotoron nan, da Rabi da na zaga a banza. Ku kuma, in ido ya yi wata yana rawa har ya fara jan baki, ku bar sharar ɗaki ku tahi likita.

Zakaran ya tsufa, ban yanka ba. In na zauna tsakar gida, kunnen dama nake juyawa wajen ƙofa.