Ƙayar Bakin Rijiya

Yau ina jan ruwa, warin jiƙaƙƙen guga ya tuna mini da surukina, wanda muke kira Baba. Kafin ya bi Almasihu, shi ke yanka wa iskoki baƙar akuya a gindin tsamiyar ƙauyenmu, wajen Safana.

Wata shekara zamanin Turawa ruwa ya ɗauke. Mazan majami'armu suka kewaye rijiya da ƙaya kada Fulani su shayar da shanu, sannan suka jawo bunsuru za su yanka wa Ubangiji ya saki ruwa. Baba ya tare su.

"Ku mai da shi turke. Na zubar da jinin da ya fi wannan, na san ciniki in na gan shi. Allah ba ya cin nama. Cewa ya yi ku ƙaunaci maƙwabci."

Ƙanensa ya ce, "Yaya, in rijiyar ta ƙafe fa?"

"Ta ƙafe muna masu biyayya."

Ya miƙo mini sandarsa, ya janye ƙayar da hannu. Jinin da ya zuba ran nan, na tafin hannunsa ne kaɗai.

Allah ya shayar da Baba, ya ba mu kunne irin nasa.