Malam Chaibou da Mutanensa Marasa Magana

Malam Chaibou mutumin Damagaram ne, maƙwabcina a Saint-Fons, gefen birnin Lyon na Faransa. Ya daɗe yana aiki a masana'antar sinadarai, har ƙarar injuna ta cinye masa kunne. Lokacin da ya ajiye aiki a 2009, in ba ihu ka yi masa ba, murmushi kawai za ka samu.

A Lyon akwai wata ƙaramar silima da ke nuna tsofaffin finafinan Amurka ranar Lahadi da la'asar, irin na farkon zamani da ba a magana a ciki, sai wani ya zauna gefe yana kaɗa piyano. Nan Chaibou ya sami mutanensa. Ya ce waɗanda suka shirya finafinan sun san darajar kurma: in mace ta shiga uku, a idonta za ka gani, da yadda ta dafe ƙirji. 'Yan wasan duk sun daɗe da mutuwa, amma ya raɗa musu suna, akwai Mai Malafa, akwai Sarkin Kuka.

Matarsa Biba ce ke raka shi, ita kuwa ciwon suga ya taɓa mata ido. Sai ya riƙa ba ta labarin abin da ke faruwa, yana sa wa kowa Hausa a baki, kamar yadda ake yi a silimar garinsu suna yara. A ganinsa raɗa yake yi. Raɗar kurma kuwa har layin gaba ana jin ta.

Aka kai ƙara. Mai silimar ta roƙe shi cikin ladabi ya yi shiru, ko su daina zuwa. Ni kam na ji haushi, Chaibou kuwa kunya ce ta kama shi. Lahadin da ta biyo na bi su. Ya kame bakinsa har aka tashi, yana ta waiwayen Biba ransa a ɓace, don a ganinsa zaman banza ta yi, kuma ba za ta sake biyo shi ba.

A cikin bas ta matso kusa da kunnensa na hagu, mai ɗan sauran ji.

"Malam, yarinyar fim ɗin ta rasu daga ƙarshe, ko?"

Ya tambaye ta wa ya gaya mata.

"Mai kiɗan. Hannunsa ya yi sanyi, sannan ya tsaya. Kai dai gaya mini wa ke riƙe da ita."

Ya gyara zama ya soma mata tun daga farko, da ƙarfi, duk bas ɗin na ji.