Malam Birki a Kujerar Baya

Babanmu mai koyar da tuƙi ne. Motarsa ƙarama ce, ruwan toka, mai birki biyu, ɗaya a ƙafar ɗalibi, ɗaya a tasa. Yawan taka shi ne ya sa 'yan unguwa suka raɗa masa Malam Birki. Mama ta ce ko barcin rana yake yi a falo, sai ka ga ƙafarsa ta dama tana danna hannun kujera.

Ya koyar da tela, da malamar asibiti, da wani tsoho mai kanti da ya rantse ba zai mutu bai tuƙa mota ba. Abin da yake gaya wa kowa ɗaya ne: "Dubi madubi. Kada ka saki jiki da na gabanka, ba ka san abin da ya baro a gida ba." Duk ranar da ya ji wani ɗalibinsa ya yi hatsari, abinci ba ya shiga bakinsa. Sai ya zauna a ƙofar gida yana tunanin wane darasi ne ya yi wa gaggawa.

Da ciwon yana ya fara rufe masa ido, likita ya ce ya ajiye makulli. Ya ajiye. Motar ta zauna a ƙarƙashin rumfa har kyanwa ta mai da ita ɗakinta.

Wata la'asar na nuna masa bidiyo a wayata: mota tana tafiya, sitiyari yana juya kansa, ba kowa a kujerar direba. Ya kawo wayar dab da hancinsa.

"Wa ya koya mata?"

"Na'ura ce, Baba. Ido gare ta ta ko'ina."

"Har ƙeya?"

"Har ƙeya."

Mama ta ɗaga murya daga kicin: "To, ga ɗalibar da ba za ta yi maka gardama ba!"

Ya yi dariya, sannan ya ce, "Ba ta gyangyaɗi. Ba ta fito gida da ɓacin rai ba." Ya miƙo mini wayar. "Amma in ƙwallo ta gangaro titi, ta san akwai mai bin ta a guje?"

Na ce ban sani ba.

"A tambayi masu ƙera ta, 'yata."

Tun daga ranar ya samu abin hira. Yakan lumshe ido ya ba mu labarin titin irin waɗannan motoci kamar ya taɓa zuwa: ba ham, ba zagi, motoci suna kauce wa juna kamar kifaye a ruwa. Tsohuwa za ta tsallaka da sandarta, duk su tsaya mata har ta gama gyara mayafi. Makaho zai tafi ziyara shi kaɗai. Mama takan ce, "Malam, shayinka ya huce." Ba ya ma jin ta.

An yi masa aiki, ido ɗaya ya buɗe. Ranar da aka cire bandeji ni na ɗauko shi. Na buɗe masa gaban mota, ya ce a'a, ya shiga baya ya sauke gilashi. Da muka hau gadar da ya yi shekaru yana bi da ɗalibai, sai ya taɓa kafaɗata.

"Ashe ruwan nan yana da faɗi haka?"

Na gangara gefe na tsaya. A ƙasa wasu mata suna shanya wanki a kan duwatsu, fararen tsuntsaye suna tsaye a bakin ruwa. Ya ɗora haɓa a kan taga yana kallo.

Bai koma koyarwa ba. Motar kuwa, malamar asibitin nan ya bar wa, har da birkin biyu.