Hoton Jana'izar Hiruma Mai Awara

Tun da na watsar da karatu a tsakiyar sakandare nake zaman shagon hoto na Kawu Makabe, a bakin layin taragon Arakawa da ke Tokyo. Na gwada kai abinci a keke, na gwada wanke-wanke a gidan taliya, ko'ina ban yi ƙarko ba. A shagon Kawu kuwa babu aikin da za a ce na ɓata, don aikin ma babu. Tsofaffi ne kaɗai suka rage mana, masu zuwa a ɗauke su hoton da za a kafa gaban akwatin gawarsu. Su ci ado su zauna, in ce, "Kaka, ɗan murmusa mana, wannan fa shi za a yi ta kallo ana sharɓe hawaye." Su zage ni, hoto ya fito da kyau.

Ranar da Hiruma Zenzo ya turo ƙofarmu, sai da Kawu ya ajiye kofin shayinsa. Duk unguwa an san tsohon nan bai yarda da kyamara ba. Ko bikin unguwa ake yi, ya hango mai ɗaukar hoto, sai ya juya ƙeya.

Dalilin kuma ba ɓoyayye ba ne. Yana saurayi, farkon zuwansa Tokyo daga Akita, ya yi haya gida ɗaya da wani matalaucin mai zanen manga, wato littattafan labari cikin zane. Wata rana Zenzo na shan miya, mutumin ya zane shi: kumatu a lotse, girar nan biyu da suka haɗe suka tashi sama kamar fikafikai, da haƙori guda mai leƙowa ta hagu idan ya yi dariya. Ya ƙara masa alkyabba baƙa da farar safar hannu da sanda mai kan azurfa, ya raɗa masa Basarake Gomori. Ya ce sau ɗaya zai fito, a hallaka shi a shafin ƙarshe.

An hallaka shi ɗin. Sai dai yara sun so su ƙara tsanarsa, shi ya sa ya dawo. A wannan littafi ya faɗa teku, a na gaba ga shi a duniyar wata yana sayar da bayi, a wani kuma ga shi a zamanin takubba yana zuba guba a rijiyar talakawa. Labari ya canza, jarumi ya canza, mugun dai shi ne, da fuskar Zenzo. Mai zanen ya yi suna ya tashi daga unguwar, ya bar Zenzo da kekensa da ƙahon tallarsa, yana sayar da awara layi-layi.

Mutumin da ubansa manomin shinkafa ne, wai shi ne basarake. Yara na binsa da tsakuwa. Uwaye na cewa, "Ka ci abinci ko in kira Gomori." An taɓa haɗa shi da wata don aure, suna zaune a gaban manya ya yi mata murmushi, ta toshe baki ta fice da gudu tana dariya. Bai sake yarda an haɗa shi da kowa ba. Da yaran nan suka girma kuma sai abin ya juye, suka riƙa zuwa daga garuruwa, da furfurarsu, suna roƙon ya yi musu dariyar mugunta sau ɗaya. Kawu ya ce jifan ya fi masa sauƙi.

"Hiruma-san, lafiya dai?" in ji Kawu cikin girmamawa.

"Likita ya ce in kintsa." Ya zauna a kujerar hoto ba a ce ya zauna ba, ya dube ni. "Kai ne Shunta, ɗan iskan da ya gudu daga makaranta?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Yau wace rijiya za mu zuba wa guba?"

Kawu ya make min ƙeya. Tsoho bai yi fushi ba, kuma da ya yi da ya fi min.

"Abu ɗaya nake so," ya ce. "Hoton da in an kafa shi, wanda ya shigo ya ce Zenzo ne ya mutu. Ba wancan ba. Za ka iya?"

Na ce me zai hana.

Ya yi murmushi, haƙori ya leƙo. Ya rufe baki, gira ta tashi, ya zama Gomori yana ƙulla makirci. Na sa ya kalli gefe, na sa ya sunkuya, na rage haske, na ƙara. Duk hoton da na nuna masa a allo sai ya ce, "Ga shi nan." Ni ma ina ganin Gomorin, ƙarya ce kawai na ƙi fasawa.

Bayan kwana biyu ya dawo da hula har goshi. Ya cire ta, sai ga shi ya aske girar tas. Ni da Kawu muka dubi juna. Mutanen fadar sarki na zamanin da, ai su ne masu aske gira. Da can mugun basarake ne na littafi, yanzu kuwa ya koma na gaske, saura a shafa masa farar hoda. Dariya ta taso min, na danne, ta fito ta hanci.

"Yi abarka," ya ce. "Na gani a madubi tun kafin in ajiye rezar."

Daga nan ya ce ya ji ana gyara fuska a kwamfuta. Ya ja kujera kusa da ni. Na zana masa gira mai kwanciya irin ta mutanen kirki. Ya ce in cika kumatun. Na cika. Haƙorin fa? Na share. Haɓar ta yi tsini, in rage. Na ce, "Tsoho, in muka ci gaba a haka, ko ɗan sanda ba zai kama ka da wannan hoton ba."

"Ƙara," ya ce.

Muka tsaya a kan wani dattijo mai zagayayyar fuska, irin wanda za ka ba wuri a jirgi ka manta da shi kafin tasha ta gaba. Tsoho ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa na goge sauran hotunan duka a gabansa, har ya sa Kawu ya duba ko na yi masa wayo. Ya karɓi nasa, ya rusuna mini ƙasa sosai, ni da ban kai jikansa ba.

Ya rasu farkon sanyi. Ɗakin jana'izar ƙarami ne, amma ya yi mana yawa: ni, Kawu, mai gidan wankan unguwa, da wasu tsofaffin mata biyu da suka saba sayen awararsa. Hoton na can tsakiyar fararen furanni da baƙin ƙyalle a kusurwa. Ba wanda ya yi murmushi, ba wanda ya ambaci Gomori. Na ce a raina, to, Tsoho, ka samu.

Sai ga ƙanwarsa Fusae daga Akita, ɗanta na tura ta a keken marasa lafiya. Ta ɗaga kai ta dubi hoton, ta taɓa hannun ɗan.

"Mun yi kuskuren ɗaki. Juya da ni."

Ya nuna mata sunan a allo. Ta karanta, ta sake duban hoton. Aka buɗe mata 'yar tagar akwatin ta leƙa, ta ce, "Yaya," a hankali, har ta ɗan saki fuska. Washegari aka ƙone gawar.

Kafin su kama jirgi suka biyo ta shago. Ta ce tana son hoton da za ta ajiye a wurin addu'ar gida, kusa da na iyayensu. Na miƙo mata irin na jana'iza, ta ture shi da yatsa.

"Ɗana, wannan baƙon me zan ce masa da safe? Ba ni na yayana."

Na ce babu. Ta ce ko mara kyau ne. Na ce shi ya sa na goge. Ta tambayi Kawu ko akwai na wani biki, na wani taro, ko daga nesa ne. Kawu ya girgiza kai. A gidansu ma babu, in ji ta, don tun da ya baro ƙauye bai taɓa aiko da ko ɗaya ba.

Ta murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Ina ake sayar da tsofaffin littattafai a nan?"

Ni na tura kekenta zuwa shagon bayan tasha. Ta sa aka sauko mata da jerin manga ɗin, tana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, har ta kai kan wanda Gomori ya cika bangonsa, ya ɗaga sanda a kan wani yaro, baki buɗe, haƙorin nan a waje. Ta rufe alkyabbar da sandar da tafin hannunta, ta bar fuskar kaɗai.

"Haka yake dariya in ya goya ni," ta ce.

Mai shagon ya yi murna, ya fara ba ta labarin irin muguntar da Basarake ya tafka a wannan littafin. Ta ce ya naɗe mata kawai, jirgi zai tashi.