Rayuwar Baba Makulli, Mai Gadin Madatsar Ruwa

Haihuwa da karatu

An haifi marigayi a shekarar 1947 a wani ƙauye da ke kwance tsakanin tuddai biyu. Mahaifinsa mahaƙin rijiya ne, mahaifiyarsa kuwa saƙar tabarma take yi. Aji biyu ya yi a firamare ya ajiye, ya bi mahaifinsa cikin rami, inda ya koyi sanin halin ƙasa da tafin hannu.

Aure da aiki

A 1972 ya auri wata tela, Allah ya ba su 'ya'ya shida. A 1974 ya shiga leburanci wajen gina madatsar da ke saman ƙauyen, wadda gidaje ɗari huɗu ke ƙarƙashin bangonta. Da aka kammala a 1977, hukuma ta naɗa shi mai gadi, ta damƙa masa makullin ƙofar ruwa, kuma daga nan laƙabinsa ya samo asali.

Yarjejeniyar buhuna

A 1999, bayan fari na shekara biyu, shugaban manoman rani, wanda ɗansa ke auren babbar 'yar marigayi, ya nemi a jera buhunan yashi a mafitar da rarar ruwa ke bi, domin tafkin ya ƙara cika. Marigayi ya san bangon na ƙasa ne, ba a gina shi don wannan nauyi ba, ya kuma san yunwa. Suka tafa a kan layi uku na buhuna, bisa sharaɗi guda: duk ranar da ruwan da ke tsattsafowa ta bayan bango ya fito da laka, alamar yana cin bangon ta ciki, zai kwashe su ba tare da shawara da kowa ba.

Shekara huɗu ana cin tumatir da albasa, shi kuma kullum da safe yana tara kwalba a gindin bango yana ɗagawa a rana.

Damina ta 2003

Ranar 11 ga Agusta kwalbar ta fito ja. Kafin azahar ya kwashe buhunan, ya buɗe ƙofa, alhali babu ko ɗigon hadari a sama. Shugaban manoma ya iso da jama'a a bayansa.

Ya ce, "Haba suruki! Rana tsaka kake zubar mana da abincin shekara? Tsufa ne ko me?"

Marigayi ya miƙa masa kwalbar ya ce, "Shanye wannan, ranka ya daɗe. In ta wuce maka maƙogwaro, da kaina zan mayar da buhunan."

Shugaban bai sha ba, amma ya kai ƙara wurin hukuma, aka dakatar da marigayi daga aiki. Gonar da ruwan ya fara bi ta kai kuwa ta marigayin ce, yashi ya binne ta.

Bayan kwana tara sama ta buɗe, aka kwana uku ana tafkawa. Ruwa ya hau har saura taki ɗaya ya tsallake bango, sannan ya tsaya. Da injiniyoyi suka tona a watan Nuwamba, sun tarar da kogo a cikin bangon wanda saniya za ta kwanta ta juya. Ba a rasa ko akuya ba, alhamdu lillahi. Aka mayar masa da makullinsa ba tare da dogon bayani ba, ya riƙe shi har ya yi ritaya a 2007.

Rasuwa

Ya rasu ranar 6 ga Maris 2019 bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in da biyu, aka yi masa sutura a maƙabartar kan tudu. Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar daga cikin shidan: babbar 'yarsa, da malamin makaranta, da direba, da ungozoma, da auta wanda ke gyaran famfo.

Waɗanda suka ci ribar wannan al'amari su ne gidaje ɗari huɗu, da shugaban manoma, wanda hukuma ta ba takardar yabo saboda hangen nesa, tana nan rataye a zaurensa. Wanda ya yi asara mutum ɗaya ne, kuma har ya koma ga Allah gonarsa ba ta sake fid da ko zangarniya ba.