Silin da aka ce ba ya cin wuta

Mun tashi da asuba daga Gombe, ni da wani abokina, za mu Jimeta taya kawuna murnar sabon gida. Daga Kaltungo zuwa Numan ramuka sun jijjiga mu har kunun da na sha ya nemi dawowa. A Numan muka huce da soyayyen kifi, tsadarsa kuwa sai ka ce a jirgin sama ya zo.

Kawu mutumin Borno ne. Lokacin tashin hankali aka ƙone gidansa, ya fito da iyalinsa daga su sai kayan jikinsu. Shi ya sa da ya tashi gini a unguwar Gwadabawa, gida a baya, ajujuwan islamiyya a gaba, ko ciniki bai tsaya yi ba ya sayi silin da aka ce ba ya cin wuta.

Mun tarar da shi yana huci. Wata injiniya daga hukumar duba gine-gine ta hana a shigar da yara ajujuwan saboda silin.

"Ai an gwada!" in ji Kawu. "A gabana mai shago ya ƙyasta masa ashana, ko baƙi bai yi ba. Ga ma takardar ɗakin gwaji."

"Bappa, ashana ba gobara ba ne," in ji ta. "Kuma wannan ɗakin gwajin ba a tantance shi ba. Masu gwajin ma sai an gwada su."

Ni dai na ɗauka na goro take nema. Don ya kunyata ta, Kawu ya ɓalle guntun silin ya jefa a murhun da ake dafa abincin walima. Fatar saman ta ɗan jure, sai cikin ya narke yana ɗiga da wuta, baƙin hayaki ya turnuƙe tsakar gidan, mata suka watse suna tari da salati. Wallahi a zafin Yola jikina ya yi sanyi. Kawu ya kalli ajujuwan nan, sannan ya ce a kawo tsani. Walima ta koma aikin cire sili.

Na dawo Gombe da darasi guda: duk wanda ya ce mini an gwada, sai na tambaye shi wa ya gwada. Ina shiga ɗakin yarana na ɗaga kai na kalli silin. Ni ban ma taɓa tambaya ba.